Kiwon Shawara a Kwalba

Daren Talata, watan Rajab, unguwar Nima

Yau ƙwayar ciwon shawara ta kama. Tun damina muke renon ta a kwalabe a ɗakin gwaji, wasu da naman ɓera, wasu da naman ɗan tsakon cikin ƙwai. Ko madubin likita ba ya ganinta, sai dai a ɗebi ruwan kwalba a yi wa ɓeraye allura. Na naman ɓera bai yi musu komai ba. Waɗanda aka yi wa na tsako kuwa, da safe na tarar suna jan ƙafa. Likitan da nake wa aiki ya yi murna, ni ma na yi, daga baya abin ya tsaya mini a rai.

Muna cin dokunu, tuwon masaran nan mai tsami, na faɗa wa matata Azumi. Ta cire hannu daga kwano.

"Baban Ladi, ciwon da ya kashe yayana kuke kiwo?"

Na ce fatanmu daga kwalba zuwa kwalba ƙarfinta ya ragu, har ta zama rigakafi.

Ta ɗauki rigar aikina ta jiƙa daban a tsakar gida. Da ta dawo ta ce, "Ranar da ya zama rigakafin, ka kai Ladi a yi mata."