Yayen Na'ima

Talata Mafara, Lahadi

Zuwa ga Gwaggo Batulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar, ya mutanen gida? Tun da aka katse layin waya sai takarda, shi ya sa na ba direban Bakura wannan.

Kin aiko a tambayi jikina. Yana nan. Ina cin abinci, ina zuwa makaranta in koyar in dawo. Rubutun da kika aiko na sha, an yi ruƙya sau uku, ƙwayoyin asibiti kuma sun daidaita mini barci. Abin da bai canza ba shi ne tsakanina da Na'ima. In ta yi kuka ina ɗaukarta, in ba ta nono, in yi mata wanka, komai a kan lokaci, amma kamar 'yar maƙwabta aka bar mini ajiya. Wata goma sha tara ke nan. Ba ƙin ta nake yi ba, ba na jin komai ne kawai.

Likita ya tura ni wurin wata Malama Amatullah. Ita ba ta ba da magani, aikinta gyara shaƙuwa tsakanin yaro da mai renonsa. Tabarma ta shimfiɗa, ta ce mu yi wasa ni da yarinyar, tana gefe tana kallo. Da muka gama ta ce Na'ima ta yi ta neman idona, ni kuwa ko sau ɗaya ban dubi nata ba. Na ce ai 'yar fari ce. Ta ce ɗakin nan ba suruki ba baƙo, kunyar wa nake ji? Daga nan ta tambaye ni, ina yarinya in na tsorata wurin wa nake gudu. Na ce bayan rumbu.

Na san kin shirya karɓar Na'ima yaye. Malamar ta roƙi a bar ta a hannuna har mu gama. Ina sanar da ke ne.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.
'Yarki, Lailatu

Bakura, Laraba

Lailatu,

Wa'alaikumus salam. Muna lahiya, ƙafa da sauƙi, kowa na gaishe ki, a gaida mijinki Mustapha.

Na sa an karanta min takardarki sau biyu, don na zaci kunnena ne. Bayan rumbu! Ni da na goya ki tun kina wata ashirin har bayana ya saɓule, ashe rumbu ya hi ni. Mi na rage miki? Kin taɓa kwana da yunwa gidana? Da kinka yi ƙyanda wa ya kwana zaune da ke? Sai ki tahi gaban baƙuwa ki kunyata ni.

Ita malamar taku ɗiyar ina ce da ba ta san alkunya ba? Uwarki ba ta taɓa kama sunanki ba, tata uwar ma haka, kuma ba wanda anka kai asibiti. Ɗiyar fari ta manya ce. Haka munka taras.

Kuma ki duba da hankali. Ke ba lahiya gare ki ba, da bakinki kinka ce yarinyar ba ta shiga ranki. To a sauke miki nauyin mana, ki huta, ki yi ƙiba, ita ta samu mai yi mata dariya. Don tausayinki nike yi. Na riga na sa an yi wa ɗaki sabon daɓe, na sai mata akuya. Alhamis ta sama ina nan tahe, ki haɗa kayanta.

Allah shi ba ki lahiya, shi shirye ki.
Gwaggonki

Talata Mafara, Juma'a

Ɗayyabu,

Salamu alaikum. Ya gona, ya iyali, ya Inna? Da fatan Maradun lafiya, hanyar Faru kuma ta yi sauƙi.

Abu biyu ne. Na farko, Gwaggo za ta zo Alhamis ta ɗauki Na'ima. Na ɓata mata rai ba da niyya ba. Gaskiya ta faɗa, ba ta rage ni da komai ba, ni ce dai tun ina ƙarama nake zama gidanta kamar baƙuwar da ke jiran a zo ɗaukarta. Mustapha ya ce shi ba zai ja da manya ba. In ta zo zan ba ta, don ban san yadda ake hana ta ba.

Malamar da nake gani ta ce in aka raba mu yanzu aikin ya tsaya, yarinyar kuma za ta tashi da abin da na tashi da shi. Ta sa ni in riƙa kiran sunan Na'ima da ƙarfi sau goma a yini. Ina yi, kamar kiran rajista a aji. Shekaranjiya ta hau cinyata ta riƙe mini kunne biyu ta zuba mini ido. Ban ji daɗi ba, amma ban kau da kai ba. Malamar ta ce wannan ci gaba ne, ita ta sani.

Na biyu, tana so Inna ta zo zamanmu ko sau ɗaya, Laraba muke yi. Na gaya mata shekarata talatin da ɗaya Inna ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba sai ta bakin wani. Ta ce duk da haka a tambaya. To na tambaya, ka karanta mata.

Yayarka, Lailatu

Maradun, Litinin

Yaya Lailatu,

Wa'alaikumus salam, ina gaisuwa. Muna lafiya, gero ya nuna, tsuntsaye na cin rabonsu ba sallama. Ke kam ko a takarda sai kin yi wa mutum darasi, na farko, na biyu.

Na karanta wa Inna tana ɓarar wake. Har na kai ƙarshe hannunta bai tsaya ba. Da na gama ta ce in kore kaji daga shanya. Na ce shi ke nan, an amsa.

Da la'asar na je wurin Baffa Manu na ba shi labari, ina dariyar wai likitoci sun fara kiran tsofaffi hira. Bai yi dariya ba. Ya ce ashe ba mu sani ba? Ranar da Gwaggo ta tafi da ke Bakura, Inna ta yi rakiya har zaure fuska sake, kowa ya yaba. Bayan nan ta yi wata takwas ba ta magana sai e da a'a, tana aiki kamar an murɗa ta. Aka ce iskoki ne, aka yi ta turare. Da ta warware sai ta tsiri sayar da daddawa a kasuwar Bakura, alhali ga kasuwa a hancinta. Shekara huɗu tana zuwa, tana kasa kaya inda Gwaggo ke wucewa da ke. Ba ta taɓa shiga gidan ba.

Yaya, ni da ta lalata ni da gata ban taɓa tambayar me ya sa ke ba ta kallonki ba. Na ji kunya ƙwarai.

Ƙanenki, Ɗayyabu

Talata Mafara, Talata

Ɗayyabu,

Salam. Takardarka ta iso da hantsi. Na zauna na yi ta ƙoƙarin tuna wata mai daddawa. Ban tuna ba.

Na haɗa kayan Na'ima a buhu. Ban ɗaure bakinsa ba tukuna.

A gaida kowa.
Lailatu

Maradun, Talata

Yaya Batulu,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida ƙafa. Ɗayyabu ke rubutawa, na ce mai kada shi ƙara kada shi rage.

Kin riƙe min amana, Allah shi saka miki, ban da bakin gode miki. Ban taɓa roƙonki komi ba. Yau ina roƙo. Ki bar wa waccan ɗiyarta. Alhamis ki yi zamanki, akuya ta jira, in yarinya ta yi wayo ta zo ta gani da ƙafarta.

Gobe zan shiga motar Mafara. An ce wata malama na nemana. Ki sa a gaya wa waccan ni ba magana zan yi ba, zama kawai zan yi inda anka aje ni.

Allah shi bar zumunci.
Nagode, Innar Ɗayyabu