Ragowar Gagarawa Tasha: Ta'aziyyar Malam Ishaku Nata'ala

Cikin alhini da sanyin jiki, tare da miƙa wuya ga nufin Ubangiji Mai rayarwa Mai ɗaukewa, ƙaramar Ekklisiyar Gagarawa Tasha, da 'yan'uwanta da ke warwatse a Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, tana sanar da Mai girma Dagaci, da Shugaban tashar jirgin ƙasa da ma'aikatansa, da iyayenmu fastoci da dattawan Majalisar da ke lura da mu daga birni, da dukan maƙwabtanmu, cewa mun sami labarin baƙin ciki na rasuwar ubanmu, makiyayinmu kuma mai bisharanmu, Malam Ishaku Nata'ala, wanda zazzaɓi ya kama a hanyarsa ta dawowa daga Maigatari, ya kwanta a gidan wani ɗan'uwa a Gumel, Ubangiji kuma ya kira shi a can. An kawo shi gida a kan amalanke, an binne shi a bayan ɗakin sujada, gefen da yake jingine kekensa.

Marigayi Malam Ishaku ba fasto ne naɗaɗɗe ba, bai kuma taɓa barin wani ya kira shi haka ba. Mai gyaran keke ne. Daga Litinin zuwa Asabar yana ƙarƙashin darbejiyar bakin tasha da famfo da sifana da kwanon ruwan neman huji, da damina kuma yana gonarsa kamar kowa. Ran Lahadi ne yake wanke baƙin mai daga hannuwansa, ya sa farar rigarsa, ya buga guntun ƙarfen dogon nan da ke rataye a reshe a madadin ƙararrawa, mu taru. Ba mu taɓa cika bencinan ba. Amma yakan yi wa'azi da muryar da za ta ishi kasuwa, har Baba Ya'u, dattijon ekklisiyarmu, ya kan ce masa, "Malam, sassauta, duk muna kusa." Abin da sana'arsa ta ba shi da shi ya ciyar da gidansa, bai nemi ekklisiya ta ɗauki nauyinsa ba, domin ya san ba za ta iya ba.

Ba mu kaɗai ya yi wa hidima ba. Yakan ɗaure akwatin kayan faci a bayan keke, Littafi Mai Tsarki a ciki tare da sifanoni, ya bi rairayi zuwa Gumel wurin iyalin wani ma'aikacin ɗakin shan magani, daga nan ya wuce Maigatari ranar kasuwa, inda akwai wata tsohuwa, matar wani tsohon soja, wadda ba ta da abokin addu'a sai shi. A Sule Tankarkar gida ɗaya ne tak, na wani mai haƙar rijiya, bai kuwa taɓa cewa gida ɗaya bai isa a sha rana dominsa ba. Inda yashi ya yi zurfi sai ya sauka ya tura, har 'yan tasha suna yi masa ba'a cewa ba a san wanda ke hawan wani ba tsakaninsa da keken. A bakin iyaka ma, 'yan duwan, wato ma'aikatan kwastan na ƙasar Faransi, suna ajiye masa kekunansu da suka lalace sai ya zo. Baftisma da Jibin Ubangiji ba su cikin ikonsa, sai fasto ya zo daga birni, zuwan kuwa yakan yi wuya. Duk sauran, daga sunan jariri har jana'iza, a wuyansa suke.

Muna miƙa godiya ga Mai girma Dagaci da ya aiko wakili, da ma'aikatan tasha da suka haƙa kabari, da maƙwabcin marigayi, Malam Badaru mai makarantar allo, wanda shekara da shekaru yake kiransa Limamin Lahadi, shi kuma yana yi masa faci ba tare da ya karɓi komai ba. Malam Badaru ya zauna a tabarmar makoki tun daga farko har aka naɗe ta.

Muna kuma godiya ga Mai girma Fasto da abokin tafiyarsa, waɗanda Majalisa ta aiko daga birni su yi mana gaisuwa. Sai dai dattawan ekklisiyarmu sun umarce ni in rubuta abin da ke biye a fili, ba don rashin kunya ba, sai don kada a ce daga baya ba mu faɗa ba.

Tun kafin baƙinmu su gama gaisawa da uwarmu Larai, matar marigayi, abokin tafiyar Mai girma Fasto ya tashi ya shiga ɗakin sujada. An gan shi yana taka faɗin ɗakin da ƙafa, yana ƙwanƙwasa benci, yana duba ƙofa. Ya tambayi Dogo, ƙanen marigayi, ko keken na Majalisa ne ko na gida. Ya tambayi ko jirgin Asabar yana tsayawa a nan kullum, da ko tsofaffinmu suna iya hawansa. Ba mu san tambayar jirgi tana cikin gaisuwar mutuwa ba. Har Malam Badaru, wanda ba ruwansa da sha'aninmu, ya raɗa wa Baba Ya'u, "Ya'u, baƙin nan naku gaisuwa suka zo ko awo?"

Da aka zo addu'a, Mai girma Fasto ya roƙa wa iyali haƙuri da kalmomi masu kyau ƙwarai, mun kuwa ce amin da zuciya ɗaya. Sa'an nan ya ce Ubangiji ya dubi wannan ragowa ta Gagarawa, ya nuna mata inda za ta. A nan amin ɗin ya yi ƙasa. Mata suka dubi juna. A gidajenmu ragowa ita ce abin da ya saura a kwano bayan kowa ya ƙoshi, wanda ake kankarewa a juye cikin wani kwano don a wanke na farko a kife. Mun daɗe muna jin raɗe-raɗin cewa akwai masu ganin ƙananan ekklisiyoyi irin tamu wahala ce kawai, gara a rufe su a haɗe mutanensu da ta birni, kowa ya riƙa shiga jirgi in yana son sujada. Marigayi yana da rai ba wanda ya kawo maganar gabansa. Yanzu ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba muka ji kalmar nan.

Gaskiya ta sa in rubuta cewa abokin tafiyar ya lura da fuskokinmu, ya ce ba haka ake nufi ba, wai abin da Littafi ke kira ringi ake nufi, wato 'yan kaɗan da Allah ya keɓe wa kansa. Mai yiwuwa haka ne, su ne masana. Amma Baba Ya'u ya ce Mai girma Fasto ya san kalmar ringi tun ba a haife mu ba, me ya hana shi faɗarta? Kuma mai bayanin shi ne wanda ya auna ɗakin.

Baƙinmu sun kwana. Da safe kafin jirgi, Inna Sabuwa, shugabar zumuntar mata, ta ɗauki tuwon makoki da ya kwana, ta yanyanka shi cikin miyar kuka, ta ɗumama, ta sa man shanu, ta kai musu da kanta ta durƙusa. Suka ci har suka suɗe kwano. Mai girma Fasto ya sa albarka, ya ce tuwon Gagarawa ya fi daɗi da safe. Inna Sabuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ragowa ce." Mai girma Fasto ya dube ta, ya dubi kwanon, sai jirgi ya yi kuka. Ba mu san abin da ya tafi da shi a zuciyarsa ba, har yau kuma ba mu ji daga Majalisa ba, shirun nan kuwa bai kwantar mana da hankali ba.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya ga iyayenmu na Majalisa, ekklisiya ta zauna ta yanke shawara, tana kuma roƙon a sa mata albarka a kai. Baba Ya'u, ko da yake aikin juya layin dogo yana hannunsa, zai riƙa bi da sujada duk Lahadin da ba ya bakin aiki, in yana aiki kuma Inna Sabuwa ta bi da waƙa da addu'a, yaran da suka yi makaranta su karanta Littafi. Dogo ya gaji inuwar darbejiya da kayan faci, ya kuma yarda ya gaji hanyar Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, ko da yake ya ce shi bakinsa ba na wa'azi ba ne, gaisuwa da addu'a kaɗai zai iya. Keken na gida ne, marigayi da guminsa ya saya. Ba mu roƙi a aiko mana fasto mai zama ba, mun san ba mu da abin riƙe shi. Abin da muke roƙo shi ne a ci gaba da zuwa yi mana baftisma da Jibi kamar dā, kuma in akwai wata magana a kanmu, a faɗa mana ita da sunanta, a gabanmu, ba a cikin addu'a ba. Tsohuwar Maigatari ba za ta iya shiga jirgi ba, kabarin ubanmu ma ba zai shiga ba.

Ga uwarmu Larai, da 'ya'yan marigayi, da Dogo, da dukan dangi na kusa da na nesa, ekklisiya tana miƙa ta'aziyyarta. Ubangiji Mai ta'aziyya ya share hawayenku, ya ba ku ƙarfin ɗaukar wannan rashi, ya zama uban marayu, ya tsare gidan daga yunwa da ƙeta. Ya ba bawansa Ishaku hutawa daga rairayi da rana, ya sada mu da shi a ranar tashi. Amin.

Ana sanar da jama'a cewa ran Lahadi mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za a buga ƙarfe a lokacin da aka saba. Bayan sujada akwai ɗumame.

Kyauta Ilu
Magatakardar riƙo
A madadin dattawa da zumuntar mata
Ekklisiyar Gagarawa Tasha
Satumba, 1957