Dokar Sifeto a Kemis Uku

6 ga Mayu

Ɗana abin ƙauna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da maiɗakinka da jikokina. Yau kwana sittin da uku da rasuwar ƙanwarka: Talata, 4 ga Maris, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, a asibiti, a gado na biyu daga taga, hannunta cikin na mahaifiyarku. Allah Ya jiƙanta. Ka tambayi lafiyata, ga amsa cikakkiya.

Gwiwata ta hagu ta shigar da ƙara. Ka san tun da gyambon cikina ya yi jini shekara uku da suka wuce, ƙanwarka ta karɓe akwatin magani, har muka laƙaba mata Sifeto. Kowane kwali sai ta bi shi da jan biro. A kan farasitamol: "E, Baba, amma kada ka wuce ƙa'ida." A kan ibufurofen ɗin mahaifiyarku: "A'a, Baba." Asfirin kuwa layi biyu ta ja masa.

Ina amsa laifina. Ranar Asabar ciwon ya hana ni hawa matakala, sai na yanke cewa tunda mai dokar ba ta nan, dokar ta faɗi. Wanda ya yi shekara talatin yana alƙalanci ba ya rasa hujja. Na nufi kemis ɗin kan kwana na nemi diklofenak. Matar nan mai tabarau ta dube ni kamar ta kama ɓarawon akuya, ta ce ko lauya Ranka ya daɗe zai ɗauko, farasitamol kawai zai samu. Ashe ƙanwarka ta bi kemis ukun titinmu ta bar umarni, har da hotona a wayoyinsu.

A na biyu na yi dabara, na nuna wani maganin ciwon jiki mai kwali mai sheƙi. Mai shagon ya juya kwalin, ya ɗora yatsa kan ƙananan rubutu: asfirin ne ya sake riga. Ya ce shi da ibufurofen da diklofenak 'yan gida ɗaya ne, duk suna iya fama gyambo.

Na dawo ina ɗingishi. Mahaifiyarku ta yi dariya ta ce, "Alƙali, an kori ƙara ke nan?" Ita ce dariyarta ta farko tun Maris.

Mahaifinka.

20 ga Mayu

Ɗana,

Ina fatan zazzaɓin ƙaramar jikata ya sauka. Faɗanka ya iso. Na karanta shi sau biyu, na gyara kuskure ɗaya, na karɓi sauran.

Sai dai kafin ya iso na riga na ɗaukaka ƙara zuwa kemis na uku, na dattijon nan mai nauyin ji da ke bayan shagon tela. Ban ko rufe baki ba ya ajiye mini farasitamol. Ya gargaɗe ni kada in haɗa shi da maganin mura sai na karanta kwalin, don sau da yawa akwai shi a ciki. Ya ce gwiwa kuma aikin likita ce, ba na taurin kai ba. Na je wurin likitan. An ba ni motsa jiki da jakar ruwan ɗumi, jiya har na hau matakala ba tare da na riƙe ƙarfen gefe ba. Cikina lafiya lau.

Da zan fita, dattijon ya ɗaga murya ya ce in gaida masa Sifeto, kwana biyu ba ta leƙo ba, kuma in shaida mata yana nan yana tsare mata amana.

Na ce, "Za ta ji."

Na haƙura da ƙara. Dokar tana nan daram. Sababbin ƙwayoyin ma a tsohon kwalin mai jan rubutu nake zuba su. Abu ɗaya ya rage: har yau ban koma na gaya wa dattijon cewa ta rasu ba.

Ka gaida mutanen gidan.

Mahaifinka.