Waifai Biyu Masu Suna Ɗaya

Lahadi, 3 ga Afrilu, 2016

Wa zan gani yau a dandalin da ake kama waifai, rungume da laftof kamar jariri? Don Evelio, maƙwabcinmu na ƙasa. Shi ya kai ƙarata bara aka kwance min eriya daga rufin gini. Wai intanet guba ce. Yanzu ga shi yana kankare katin intanet da farce yana neman gubar. 'Yarsa Maricel ce ta aiko masa da laftof ɗin daga birnin Tampa. Tun da ta tsallaka teku ya haramta a ambaci sunanta, sai bana suka shirya. Kowace Lahadi za ta kira.

Laraba, 6 ga Afrilu

Na karanta yadda ake yi. Sai in buɗe waifai daga tawa kwamfutar, in sa masa sunan na dandali, harafi da harafi. In na zauna kusa, tasa za ta kama nawa don ya fi ƙarfi. Nawa kuwa fanko ne, babu intanet a ciki.

Lahadi, 10 ga Afrilu

Ya yi! Sandunan sigina cike, kira ba ya shiga. Ya sa rigar guayabera mai guga, har da turare. Ni ya juyo ya tambaya: "Osmel, ɗana, duba min." Yau kuma ɗansa ne ni. Na ce, "Baba, ga shi ka haɗu. Laifin ba daga nan yake ba." Sai da na ciji leɓe don dariya.

Lahadi, 17 ga Afrilu

Haka dai. Mai gyaɗa ta ce masa, "Tsoho, ango ya sha ado amarya ta gudu?" Duk bencin aka kwashe.

Lahadi, 24 ga Afrilu

Ya ce, "In ta ga ni ne, tana iya ƙin ɗauka?" Na ce sosai ma. Ai ban yi ƙarya ba, tana iyawa.

Lahadi, 1 ga Mayu

Bai zo dandali ba. Bai je faretin ranar ma'aikata ba ma, shi da ke riƙe tuta. Na yi zaman banza a rana.

Alhamis, 5 ga Mayu

Ya hawo har ƙofarmu, yana haki, ya miƙo min laftof ɗin. "Riƙe, kai mai karatu ne. Ni na gama." Mama har da ba shi kofi, tana harara ta in yi godiya. Na yi.

Juma'a, 6 ga Mayu

Na kai kwamfutarsa dandali, tawa a kashe. Nan take ta kama na gaskiyar. Saƙonni suka yi ta faɗowa. Na ƙarshe: "Papi, na gane. Ba ka yafe ba. Ba zan ƙara damunka ba."

Su suka jiyo. Ni na ce ta gudu? Ni na ce ya kai ƙara?

Asabar, 7 ga Mayu

Na sauka na ce masa ta gyaru, akwai saƙo. Ko sarƙar ƙofa bai cire ba. "Kai da bakinka ka ce ba ta lalace ba. Kada ka ji tausayina, yaro." Ya rufe.

Tausayi! Ni?

Na rubuta mata da sunansa: gobe da la'asar, ki kira. Don dai abin ya ishe ni ne. Saura yadda zan fito da shi, kuma hanya ɗaya ce, in gaya masa abin da na yi. Na tsaya a matakala na gwada faɗa. Bakin nan nawa da ba ya gajiya, ko kalma.