Minsharin Baban Hadiza

Gazawa, daren Laraba, Nuwamba 1992

Yau mun kai Baban Hadiza likita a Agiye, ni da yayansa Malam Sani. Mantuwarsa ta yi yawa. Shekaranjiya ya wuce tashar Cadawa da fasinja bai sani ba, jiya kuma ya tsaya yana kallon Hadiza yana laluben sunanta. Kullum da ciwon kai yake tashi.

Likita ya tambaya, "Yaya barcinsa?"

Kafin in buɗe baki Yaya Sani ya ce, "Lafiya lau, har da minshari. Sammu ne kawai aka yi mishi a tasha."

Shi da yake kwana a wata unguwa! Ni ce nake jin minsharin nan yana yankewa, ƙirjinsa yana ja amma iska ba ta shiga, sai na zungure shi ya shaƙo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Mutumin da ake shaƙewa haka har asuba, yaya kansa zai riƙe abu? Amma ina matar da za ta faɗi yadda mijinta ke kwana a gaban yayansa? Na sunkuyar da kai. Aka ba mu ƙwayar ciwon kai, muka biya wajen malami karɓar rubutu.

A rediyo kullum cewa ake yi yanzu kowa na da 'yancin magana. To.

Ga shi can ya sake yin shiru, bari in je in taɓa shi. Gobe da sassafe zai cika mota da 'ya'yan mutane zuwa Maraɗi.