Gwangwanin albarushin surukina

Assalamu alaikum ƴan uwa na wannan liste, zauren saƙonninmu. Na roƙi Malam mai tura saƙonni ya cire sunana, domin mu kaɗan ne a ƙasar nan, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyar suka rage mini.

Ni ɗan Damagaram ne, na karanta chimie, wato ilimin sinadarai, ina aiki a wani labo, ɗakin gwaje-gwaje na fenti, a Paris, muna zaune a Stains ni da matata. Iyayenta suna Lyon, a unguwar Minguettes. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, mutumin Maraɗi ne, ɗan maharbi, ya yi shekaru a kamfanin manyan motoci har ya ajiye aiki. A nan ya shiga club na masu harbin allo, yana da lasisi da duk takardunsa, ba nan matsalar take ba. Kamar yawancin ƴan club ɗin, ba ya sayen harsashi, shi yake ɗura abinsa. Yana tsince kwanson da aka harba, ya goge, ya sake zuba albarushi ya rufe. A cave yake yi, wato ɗan ɗakin ajiyarsu da ke ƙarƙashin bene.

Watan jiya da muka je gaisuwa ya sa na sauko masa da kujera. Ina tsaye bakin ƙofa na ga ya ɗauko gwangwani biyu na albarushi, rubutun jikinsu daban, kowanne saura kaɗan, ya juye su cikin tsohon gwangwanin kafe ya girgiza. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Nasara guntu zubarwa suke. Mu ba a yi mana wannan tarbiyya ba.” Haka yake da guntun sabulu da na shayi, Hajiya surukata ta sha faɗa ana dariya.

Ba zan ce ni masani ba ne, fenti nake haɗawa. Amma na san wani albarushin yana ci da sauri, wani a hankali, kuma awon wannan ba na wancan ba ne. Mai yiwuwa ba abin da zai faru, mai yiwuwa kuma bindiga ta fashe a hannun mai riƙe da ita. Don kada in dogara da kaina na shiga shagon wani mai sayar da bindigogi a Paris na tambaya. Ya ce ko da wasa ba a haɗawa, a bar harsasan da aka ɗura da shi kada a harba. Sai ya kafe ni da ido ya ce wa yake wannan, a ina. Na yi godiya na fita.

Waɗanda suka taso a gida za su gane ni. Shekara uku da aurena, ban taɓa cin abinci gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, idan yana magana ƙasa nake kallo. Da wane baki zan ce ya yi kuskure a abin da ya shekara ashirin yana yi? Na bi ta hannun matata, ta buga masa waya. Ya yi dariya ya ce tunda mijinta fenti ya karanta, ya fara gyara bangon banɗakinmu da yake ɓarewa. Hajiya kuma ta ce ita ƙafarta ba ta taɓa taka cave ba, kada mu sa ta a tsakiya.

Ga abin da nake jin kunyar rubutawa. Da muka koma Lyon, Baba ya tafi masallaci sallar la'asar, na ɗauki makulli na sauka, na ɓoye akwatin harsasan da ya ɗura a bayan tsofaffin jakunkunan Hajiya. Gwangwanin ban taɓa shi ba, ban san inda zan kai shi ba, kuma kun san yadda sojoji suke buɗe jaka a gare, tashar jirgin ƙasa, kwanakin nan. Na ɗauka abin da ya rage ciki ba zai isa ba, zai sayi sabon albarushi. Ban yi tunanin Mushe Roger ba, Bafaranshe maƙwabcinsu, wanda ya fara kai shi club, shi kaɗai ke da ɗayan makullin. Da Baba ya nemi akwatin bai gani ba, ya tare shi a matakala ya ce ya dawo masa da kayansa, Roger ya ce shekara ashirin suna musayar burodi da naman layya, yau shi ne ɓarawo, ya ajiye masa makullin a ƙasa ya wuce. Yanzu ko gaisawa ba sa yi. Kuma a duniyar nan Roger kaɗai ne Baba yake saurare kan maganar bindiga. Da na je wurinsa tun farko, da ƙila an gama. Baba kuwa ya zauna ya ɗura sabon akwati, daga wannan gwangwanin.

Shekaranjiya Baba ya buga wa matata waya, ya ce a ba ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Ɗana, an ce harsasaina sun hana ka sakewa. Ka zo ranar Lahadi mu je club tare. Kai za ka fara harbi, ka gani da idonka.” Muryarsa da daɗi, girmama ni yake. Na ce, “To, Baba.”

Na yi tunanin kiran shugaban club, amma ina tsoron su karɓe lasisin, ko magana ta kai ga ƴan sanda, dattijo Musulmi a Minguettes da albarushi a ƙarƙashin bene, ban san inda za ta tsaya ba. Na yi tunanin zuwa wurin Roger in ce ni ne, amma daga nan Baba zai san surukinsa ya buɗe masa ɗaki a ɓoye, ya kuma yi shiru aka zargi wani. Matata ba ta san ni na ɓoye ba. Ita cewa take in ce ba ni da lafiya in zauna.

Amma idan ban je ba, ko na je na ƙi karɓar bindigar, shi zai ɗauka ya harba. Ƴan uwa, musamman manyanmu da suka riga mu zama surukai, wa zan fara tunkara kafin Lahadi, kuma me zan ce masa?