Jan Fenti a Ƙofar Inna

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, Inna ma tana lafiya. Ki gaishe ta, amma kada ki karanta mata wannan takarda, don ba ta kunnenta ba ce.

Auta, me kuka yi? Jiya direban da ke kai kaya garinmu ya kawo mota garejinmu. Ina kwance a ƙarƙashinta yake ba ni labari wai masu gyaran gidaje sun zo sun tafi, kuma duk gidan da za a gyara sun shafa masa jan fenti a gefen ƙofa. Gidan mai shayi ya samu, gidan ungozoma ya samu, har gidan mai injin niƙa da ruwa bai taɓa korarsa daga gado ba. Na ce namu fa? Ya ce ƙofarmu fes take kamar ta asibiti. Saura kaɗan sufana ta faɗo mini a ido.

Kin san wahalar da na sha kafin su yarda su leƙa gidan nan. Na rufe gareji, na bar motocin mutane a buɗe, na yi ta sintiri ofishinsu har mai gadi ya fara tambayata lafiyar iyali. Su ne za su sa sabon kwano, su ɗaure bango, mu biya kaɗan-kaɗan yadda ba zai karya mu ba. Irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. Gidan da gara ta cinye katakonsa, bangon ɗakin Inna ya tsage har ana hango kajin maƙwabta, a ce shi aka tsallake? Ko makaho aka turo ai zai ji warin ruɓa.

Ke ce a gidan. Abu ɗaya na roƙe ki, ki tsaya ki nuna musu. Ko kina kan keken ɗinkinki har suka wuce? Damina ta kusa, kuma wallahi rufin nan ba zai ga ƙarshenta ba. Ki ba ni amsa ta hannun direban nan, kada ki yi mini irin shirun da kika saba.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, tunda ka tuna ka tambaya kafin ka fara faɗa. Takardarka ta iso, kuma na ga har yanzu bakinka ya fi kunnenka sauri.

Kana son ka ji abin da muka yi? To bari ka ji abin da kai ka yi. Saƙon da ka aiko wa Inna cewa ka yi manyan baƙi za su zo daga ofis su ga gida, a shirya. A shirya, Yaya! Kai ka haifi Inna ko ita ta haife ka, da ba ka san abin da wannan kalma take nufi a wurinta ba?

Tun da ta ji, ba ta zauna ba. Ta kwaɓa ƙasa da kanta, da wannan gwiwa tata, ta bi duk wata tsaga ta yaɓe. Ta sa na shafe bango da farar ƙasa ciki da waje. Robobin da muke tarar ruwa ta tura su ƙarƙashin gado ta saki zanen gado har ƙasa. Babban katakon nan da ya lanƙwashe a saman gadonta, ta sa na ɗinka farin yadi muka kafe shi daga bango zuwa bango, ya zama kamar silin. Har labule ta aro. Na ce, “Inna, ɓarna suka zo gani, ba ado ba.” Ta ce, “Baƙo ya shigo gidana ya tarar da shi kamar kango? Ba a raina ba.”

Da suka zo, su biyu, injiniya da mai riƙe gwangwanin fenti, ta shimfiɗa musu sabuwar tabarma, ta cika su da abinci har mai fentin ya kwance maɓallin wuya. Injiniyan mutumin kirki ne, ya ɗaga kai ya dubi yadin ya ce, “Mama, ɗakin nan yana yoyo?” Ta ce, “Mun gode Allah, ɗana. Asirinmu a rufe yake.” Na buɗe baki, ta yi mini wannan kallo. Ka san shi. Kai ma da gemunka in ta yi maka shi sai ka haɗiye maganarka. Suka yaba tsabta, suka ce da duk gidaje haka suke da sun huta, suka fita.

Don haka ka daina tambayata ko ina kan keke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nake jan gadon Inna daga lungu zuwa lungu duk damina, ni nake shanya kayan mutane da ruwa ya ɓata ina ba su haƙuri. Kai rabonka da kwana a gidan nan tun rasuwar Baba. Ka yi sintiri a ofis, sannunka. Da ka yi sintiri ɗaya zuwa nan ranar da suka zo, da yanzu ba wannan zancen muke ba.

Ki gaishe ta, in ji ka. Na gaishe ta. Tana amsawa.

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Na karanta, kuma ban san wa zan fara yi wa faɗa ba, ke ko Inna ko kaina. Kalma ɗaya na yi kuskure, na yarda. Amma ke da kika san gaskiya kika ɗauki allura kika ɗinka yadin. Da hannunki! Kallo bai taɓa kashe kowa ba, katako kuwa yana kisa.

Na koma ofishin. Na tsaya gaban injiniyan na ce masa uwata ta ruɗe shi da farar ƙasa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce za su sake bi ta garin sau ɗaya kafin su rufe aikin bana, kuma abin da idonsu ya gani shi za su rubuta.

Saboda haka ki saurare ni. Ki kankare yaɓen nan duka. Ki yage yadin. Ki fito da robobin ki jera su a tsakar ɗaki. Ranar da za su zo ki tura Inna gidan Gwaggo, ki ce ba ta da lafiya tana nemanta. In kuma kun sake rufe wannan asirin naku, to ki faɗa mata ni na gaji. Zan zo da mota in kwashe ku, ta zauna a ɗakin bayan gidan da nake haya, a sayar da filin. Gara ta yi fushi da ni tana raye da in zo in tono ta daga ƙarƙashin kwano.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Wannan ba rubutuna ba ne, matar mai shayi ce take rubuta mini, za ka ji dalili.

Na bi umarninka, ranka ya daɗe. Na jira ta tafi gaisuwar mara lafiya, na ɗauki wuƙa na fara kankare bango. Ban kai rabi ba sai ga ta a bakin ƙofa. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta ce, “Shi ya sa ki?” Na ce shi ne, kuma ya ce in ba haka ba zai kwashe mu a sayar da gida. Ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallon yadin nan. Sai ta ce, “Ubanku ya ɗora katakon nan da kafaɗarsa, ina miƙa masa ƙusa ina goye da yayanki. Ba shi da kuɗin kafinta. Yanzu yana kwance ba ya iya kare kansa, ni zan kira baƙo in nuna masa in ce ga aikin mijina, ya ruɓe? In bari a shafa masa jan fenti duk mai wucewa ya san ya bar iyalinsa a kango?”

Ka ji abin da yake ƙarƙashin farar ƙasar. Ba ka taɓa tambayarta ba, ni ma ban taɓa ba. Kuma zancen ɗakin bayanka, ta ce ka riƙe abinka ka zuba tsofaffin tayoyi.

To ruwan fari ya sauka shekaranjiya da la'asar, da iska. Yadin ya tara ruwa ya yi ciki kamar saniya. Na hau kujera in huda shi kafin ya sauko wa Inna a gado, ashe nauyinsa ya ja katakon. Gefe ɗaya ya karye ya faɗo a kaina. Na kare fuska da hannu, hannun dama, wanda nake cin abinci da shi. Mai ɗori ya ce ƙashi biyu ne. Keke yana can a rufe da buhu, kayan mutane a jibge, kuma ban san ranar da zan sake zare allura ba.

Ina jin haushinka, Yaya, don kana ba da umarni daga nesa kamar mai kiran akuya. Ina jin haushin Inna. Ina jin haushin Baba ma, Allah ya gafarta masa, ya gafarta mini. Na gaji da zama tsakanin masu taurin kai biyu, kowa yana ja, ni nake tsagewa. Ba zan kankare komai ba kuma, ba ni da hannun. Ba zan yi mata ƙaryar Gwaggo ba. Injiniyanka yana zuwa jibi, duk abin da ya gani ya gani.

Tun ranar Inna ce take jinyata. Ita take ba ni abinci a baki.

Auta.

*

Zuwa ga Sarkin Faɗa,

Uwarka ce, matar mai shayi tana rubutawa. Ina gaishe ka da iyalinka.

Mutanenka sun dawo. Ban tafi gidan kowa ba, ba a korata daga ɗakina. Ni na yage ragowar yadin, ni na jawo robobin. Na kama hannun injiniyan na kai shi ya taɓa katakon, yatsansa ya shige. Ya sake tambayata ko yana yoyo. Na ce yana yi, ya daɗe yana yi, ga hannun 'yata shaida. Na kuma faɗa masa wanda ya ɗora katakon ba kafinta ba ne, amma aikinsa ya riƙe rufin har 'ya'yansa suka girma, na ce ya rubuta wannan ma in akwai wuri.

Sun shafa jan fentinsu a gefen ƙofa, a kan farar ƙasata, ana hango shi tun daga bakin hanya. Ban goge ba.

Katakon kuwa na ce kada su tafi da shi. Kada kuma wani ma'aikaci ya sauke shi ya jefar kamar itacen wuta. Ubanka ya ɗora, kai za ka sauke. Ka rufe garejin ka zo da kafaɗarka, takardunka sun ishe mu haka.

Allah ya yi maka albarka, ya rage maka baki.

Inna.